Kafin a kira motarka gwangwan: jagora ga mai tsohuwar mota a Kaduna

Akwai wata Peugeot 504 da ta shekara tara a ƙofar gidan kawuna a Tudun Wada. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar baya. A Kakuri aka haɗa ta, a masana'antar PAN da ta fara aiki a 1975, kuma kawu bai taɓa yarda a kira ta gwangwan a gabansa ba. Ranar da ya haƙura ya aika aka kira masu saye, tsatsa ta riga ta cinye ƙasanta, an sace batir da lagireto, injin ya kame. Abin da aka ba shi bai kai kuɗin da giyabos ɗinta kaɗai zai yi ba da ya sayar tun shekarar da ta tsaya.

Ita nake tunawa duk lokacin da na ji ana maganar shirin da gwamnatoci ke yi na karɓar tsofaffin motoci su murƙushe, su rage wa mai ita wani abu a kuɗin sabuwa. A kunne abin da daɗi. Amma wanda ya bibiyi yadda aka yi a ƙasashen da suka gwada zai ga cewa mai ƙaramin ƙarfi, wanda tsohuwar motar ce jarinsa, ba shi ne ya fi cin moriyar ba. Shi ya sa nake so mai Golf 3 da ke lodi a Kawo, da malamar makarantar da ke lallaɓa Corolla ɗinta daga Barnawa, su san lissafin tun kafin maganar ta iso ƙofarsu.

Abin da aka yi a can, da yadda ya taɓa mu

A 2009, bayan karyewar tattalin arzikin duniya, manyan ƙasashe sun so ceto kamfanonin motocinsu. Jamus ta ware yuro biliyan 5, tana ba da yuro 2,500 ga wanda ya kawo motar da ta kai shekara 9 ya sayi sabuwa, kuma motoci kusan miliyan 2 suka shiga shirin. Ingila ta ba da fam 2,000 kan motar da ta haura shekara 10, rabi daga gwamnati, rabi daga kamfanin mota. Amurka ta kashe dala biliyan 3 cikin 'yan makonni, tana ba da dala 3,500 ko 4,500, aka karɓi motoci kusan 690,000. Masar ma a shekarar ta fara sauya tasin Alƙahira da suka haura shekara 20. Indiya ta ƙaddamar da nata tsarin a 2021.

Na Amurka ne ya fi tsaya mini a rai, saboda yadda ake kashe injin. Sai a tsiyaye baƙin mai, a zuba wani sinadari mai kama da ruwan gilas a madadinsa, a tayar da mota a bar ta tana aiki har injin ya ƙone ya kame. Injin da bakanike a Panteka, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, zai sa wa wata mota ta ƙara shekara goma, haka aka lalata su dubu ɗaruruwa da gangan, don doka ta hana a sake sayar da su. Kamfanin Edmunds mai bin kasuwar motoci ya ƙiyasta cewa cikin waɗanda suka sayi sabbin motoci a shirin, kimanin 125,000 ne kawai shirin ya jawo. Sauran da ma za su saya. Ma'ana kuɗin jama'a ya tafi ne ga masu halin sayen sabuwa. Wanda ba shi da hali kuwa ya shiga kasuwar na hannu ya tarar motoci sun ragu, farashi ya hau. Masana sun yi saɓani kan ko nawa ne laifin shirin, nawa ne na matsin tattalin arziki, amma ba wanda ya ce rage motoci masu lafiya a kasuwa yana sauƙaƙa wa talaka.

Mu nan abin ya shafe mu kai tsaye, domin abin da suka gama da shi a can shi muke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. In sun murƙushe, mota da kayan gyara su yi tsada a wurinmu. In kuma sun tsaurara dokar hayaƙi, kamar yadda Landan ta yi a Agustan 2023 da ta faɗaɗa cajin fam 12.50 a kullum kan tsofaffin motoci zuwa duk faɗin birnin, sai abin da suka ƙi ya nemi hanyar zuwa inda za a karɓa. A gida kuma ƙofa tana ta ƙuntata: an hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu a Janairun 2017, ƙungiyar ECOWAS ta amince da ma'aunin hayaƙi na Euro 4 a 2020, kwastam ta koma ƙiyasta haraji da lambar casis a 2022, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, kuma ta fito da ƙa'idojin motocin da suka gama aiki a 2025. Wannan shi ne yanayin da tsohuwar motarka ke ciki. Yanzu ga abin yi.

Mataki na farko: mayar da motar sunanka

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci, kuma nan ne yawancinmu muke da rauni. Jamus da Ingila da Amurka duk sun sa sharaɗi guda: sai motar ta kasance da rajista da sunanka na aƙalla shekara ɗaya kafin ka kawo ta. Dalilin a fili yake, don kada dillalai su tattaro matattun motoci su kwashe tallafin. Duk gwamnatin da za ta yi irin wannan shiri sai ta sa makamancin wannan sharaɗi. To a Kaduna motoci nawa ne suka wuce hannu huɗu ko biyar, amma takardunsu har yau suna ɗauke da sunan Alhajin da ya fara saye, wanda wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya?

Ɗauko fatikulas ɗinka ka baje su a tabarma. Ka nemi takardar kwastam, shaidar mallaka, takardar ba da lamba, lasisin mota, takardar lafiyar mota, da inshora. Inshorar da doka ta wajabta ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023 ga motar gida. Wanda ya ce zai yi maka a dubu biyu ko uku a bakin titi, takarda kawai ya buga maka. Sannan ka fita ka duba lambar casis a jikin motar da idonka. Haruffa da lambobi 17 ne, galibi a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka karanta ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa da na takarda. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya tsayar da kai ranar da kake buƙata. In an taɓa sauya injin, ka nemo rasit ɗin, domin lambar da ke takarda ba za ta yi daidai da ta ƙarfe ba.

In sunan ba naka ba ne, ka koma wurin wanda ya sayar maka tun yana nan, ku rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka je ofishin lasisi na hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, a yi maka canjin mallaka. Ka je da ƙafarka, ka biya ka karɓi rasit. In motar gado ce, kada ka taɓa ko madubi sai magada sun yarda kuma an rubuta. Na ga zumunci ya ɓaci a kan motar da ba ta ko tashi.

Mataki na biyu: san farashinta guda uku

Tsohuwar mota ba farashi ɗaya gare ta ba. Akwai kuɗinta tana tafiya, akwai kuɗinta in an kwance an sayar da kaya ɗai-ɗai, akwai kuma kuɗinta a kan sikeli. Mai saye ya san duka ukun. Kai ne yawanci ka san ɗaya kawai, ko ma ba ka san ko ɗaya ba.

Na farko mai sauƙi ne. Wanke ta, ka nuna wa dillalai uku da ba su san juna ba, ka tambaya nawa za su saya yau kuɗi hannu, ba nawa za su sa ta a kasuwa ba. Ka tambayi la'ada tun farko.

Na biyu ne ke buƙatar zama. Ɗauki takarda da biro ka shiga Panteka kamar mai neman saye. "Sannu da aiki, Malam. Injin irin wannan nawa? Giyabos fa? Burenbos, wato kwamfutar motar, fa?" Ka rubuta. Haka za ka yi da lagireto, kwamfiresan AC, fitilu, ƙofofi, gilasai, rim da tayoyi, da batir. Farashin da aka faɗa maka na sayarwa ne. Wanda za su saya daga hannunka zai yi ƙasa sosai, don su ma sai sun ajiye kayan watanni kafin mai buƙata ya zo, kuma wannan ba zalunci ba ne. Amma aƙalla ka san mene ne mai tsada a jikin motar. Kada ka manta da abin nan na jikin salansa da makanikai ke kira indomi. A cikinsa akwai ɗan abin da ba a rasa ba na ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa ake sace shi a gareji a cusa wa mutum bututu. Ka sa a ɗaga motar ka gani ko naka yana nan. In yana nan, cinikinsa daban.

A nan ne za ka ga dalilin da ya sa motar da ta yi yawa a gari, irin su Corolla da Camry da Golf da Sharon, ba ta mutuwa a banza: kullum akwai mai neman kayanta. Motar da ba kowa ke da irinta ba kuwa, komai kyanta, in ta tsaya kusan kuɗin ƙarfe ne.

Na uku, ƙaramar mota tana kai tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma wajen kashi biyu cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ne. Tambayi 'yan gwangwan nawa kilo a makon nan, don farashin yana motsi. Alminiyam da jan ƙarfen wayoyi sun fi baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba, saboda haka kada a haɗa maka su a awo ɗaya.

Mataki na uku: a gyara ko a rabu

Nemi bakanike mai amana, wanda ba shi ne zai sayi motar ba, kuma ba ƙaninsa ba ne. Ya auna ƙarfin matsin injin, ya duba ko ruwa na haɗuwa da mai, ya ji yadda giya ke shiga, sannan ya shiga ƙarƙashi. Injin ana sauyawa, giya ana sauyawa, amma in tsatsa ta ci casis ko ya taɓa karyewa aka yi walda, wannan maganar rai ce, musamman ga mai bin hanyar Abuja ko Zariya da iyali. Ni a ganina a nan babu dogon tunani.

In ƙashin motar lafiya lau ne, ka tara abin da ka kashe mata a wata 12 da suka wuce, ka ƙara da gyaran da ke jiranka. Ka gwada da abin da za ka cika in za ka sayi wadda ta fi ta. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, dole ka sa shan mai a lissafin: cika tanki, rubuta kilomita, sake cikawa bayan kwana biyu, ka raba kilomitan da ka yi da litar da ka ƙara. Sau da yawa za ka tarar tsohuwar da ka san ciwonta ta fi sabuwar da ba ka san abin da ta ɓoye ba.

Akwai hanya ta tsakiya, wato mayar da ita mai amfani da gas na CNG, wanda gwamnatin tarayya ke tallafa wa tun 2023. Ga mai haya da ke cin dogon zango kullum, abin dubawa ne, muddin injin na da lafiya kuma akwai wurin shan gas a hanyarsa. Amma a cibiyar da aka amince da ita kawai, da tukunyar da aka ƙera don wannan aiki. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo saboda tukunyar da aka haɗa da walda. Gas ɗin nan matsinsa ya ninka na girki sau da yawa. Tukunyar girki ba ta ɗaukarsa.

Mataki na huɗu: in an zo da tayin "kawo tsohuwa"

Ko gwamnati ce, ko kamfani, ko banki, tambayoyin ɗaya ne. Tallafin kuɗi ne a hannu, ko ragi ne da ba ya aiki sai ka sayi sabuwa? A Jamus da Ingila da Amurka a 2009, sai da sayen wata motar. Wace mota aka yarda ka saya, a wurin wa? Shin farashinta jiya kafin a sanar da shirin shi ne na yau? In da bashi a ciki, nawa ne jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, akwai ruwa ko babu, kuma me zai faru in ka gaza wata biyu? Yaushe za a karɓi tsohuwar, yaushe za a ba ka sabuwar? Mai haya da ya miƙa motarsa ya zauna wata uku yana jira, gidansa ne zai ji a tukunya.

Ga misali da lambobin da na ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce an rage maka naira miliyan 2, sabuwar kuma miliyan 25 ce. Motarka tana tafiya dillali zai ba ka miliyan 3. Ka ga tallafin bai ma kai kuɗin motarka ba, ga bashin miliyan 23 a wuya. In kuwa motar ta riga ta mutu, kuɗinta a sikeli dubu ɗari biyar ne, kuma da ma kana da niyya da halin sayen sabuwa, to tayin ya yi maka. Ƙa'idar ke nan: ka gwada tallafin da mafi girma cikin farashin nan uku, ba da mafi ƙanƙanta ba.

Kuma duk saƙon WhatsApp da ya ce ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum don a sa sunanka a shirin gwamnati, share shi. Je ofishin hukumar da aka ambata ka tambaya.

Mataki na biyar: in ka yanke shawarar a yanka ta

Wani maƙwabcinmu ya sayar da motarsa ga masu yanka, ya karɓi kuɗi, ya miƙa makulli da takardu da lamba gaba ɗaya, ba rubutu ba shaida. Ba a yanka ta ba. An tayar da ita an sayar, bayan shekara guda aka yi ɓarna da ita a wata jiha, aka bi lamba har ƙofar gidansa. Sai da ya yi kwanaki yana kai da kawo kafin gaskiya ta fito, kuma har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci. Ko a Jamus an kama motocin da aka karɓi tallafinsu a kan an murƙushe, ashe an loda su a jirgin ruwa. Saboda haka ka bi a hankali.

Ka kwance lambobin motar da hannunka kafin ta bar gabanka, ka sanar da ofishin lasisi cewa ta daina aiki. Ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da kwanan wata, lambar casis, lambar injin, kuɗin da aka biya, da bayanin cewa don yanka aka saya. Mai saye ya sa hannu, ka ɗauki hoton katin shaidarsa, shaidu biyu su sa hannu. In a kasuwa ne, ɗaya ya kasance daga shugabannin ƙungiyarsu. A biya ta banki don shaida ta zauna. Ka riƙe kwafin komai. In da hali ka tsaya har a sa wuta a casis, ka ɗauki hoto. Mai sayen kirki ba zai ji haushi ba, don shi ma kariya ce gare shi daga zargin sayen kayan sata.

Ka yanke tun farko ko a dunƙule za ka sayar ko ɗai-ɗai. Ɗai-ɗai ya fi kawo kuɗi, amma yana son fili da haƙuri, kuma da zarar an cire injin da giya, ragowar sai abin da aka ga dama aka taya. Ga wanda ba sana'arsa ba ce, abin da ya fi shi ne ya cire batir da indomi da tayoyin da ke da sauran rai ya sayar daban, sauran ya tafi a ciniki ɗaya.

Ina roƙon abu guda a nan. Kada a tsiyaye baƙin mai da ruwan batir a kwata. Batir dalma ce da ruwan guba, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara ba tare da an ga alama da wuri ba. Abin da aka zuba a kwatar unguwa, damina za ta kai shi Kogin Kaduna, inda ake ban ruwan kayan miyar da muke saye. A tara man a jarka, akwai masu saye. Tayoyi da kujeru da wayoyi kuma kada a ƙona su a cikin unguwa don fitar da ƙarfe.

Mataki na shida: wadda za ta maye gurbinta

In Beljiyam za ka saya, ka karɓi lambar casis kafin ka biya ko sisi. In daga Amurka ta zo, da kuɗi kaɗan ake duba tarihinta a intanet a shafuka irin su Carfax, a ga ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta, inshora ta yafe ta. A motocin can, harafi na 10 a lambar yana nuna shekarar motar, don haka ba sai ka dogara da bakin dillali ba. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ko akwai laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Ka tabbatar da takardar kwastam a ofishinsu, don ta bogi tana sa a ƙwace mota a hanya bayan shekaru.

Ka kula da wadda aka juya wa sitiyari. Motocin Ingila da Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, wanda ke buƙatar sitiyari a hagu. Juyin da aka yi a gareji da walda yana iya saki ana cikin gudu. Dubi inda waifa ke kwanciya, da dashbod ko an yanka an haɗa, da bangon da ke tsakanin injin da ƙafar direba ko akwai ramukan da aka toshe a ɓangaren dama.

Kafin ka biya, sake shiga Panteka ka tambayi kayanta. In shago uku a jere suka ce sai an aiko daga Legas, ka nemi wata motar. In kuma ka saya, a makon nan ka je a mayar da takardun sunanka.